Ramin da Tasi'u Yake Haƙa

Tun da na dawo daga ƙasar Igala ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a bakin fadama a tambaye ni, har mai shayin bakin tasha sai da ya riƙe mini kofi ya ce sai na faɗa masa ko da gaske ne Tasi'u yana tuƙa injin da ya fi shagonsa girma. Kowa ina gutsura masa inda ya yi mini daɗi. Yau dai na ce bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya, har da wuraren da ni ne ban fito da kyau ba, in ya so kowa ya huta.

Ga wanda bai san mu ba, sunana Lurwanu, Tasi'u kuma ɗan goggona ne, taubashina kuma sa'ana. Ƙauyenmu ɗaya, nan gefen Watari. Tare aka saka mu firamare, kuma ni nake yi masa aikin gida, don shi ko jadawalin biyu bai taɓa haddacewa ba. Daga aji shida ya gudu ya bi wani mai tarakta. Ni na gama sakandare na dawo gonar Baba, wadda muka raba mu biyar. Rabona, in ka tsaya a wannan iyaka ka yi atishawa, na waccan iyakar zai ce maka yarhamukallah.

Shekarun baya sai muka ji Tasi'u ya gangara kudu, wai ya samu aiki inda ake haƙar kwal, gawayin nan na cikin ƙasa. Ba a daɗe ba ya rushe ɗakin ƙasar Goggo Asabe ya ta da na bulo. Ya sa tayil. Ya ɗora sola a kan kwano, matarsa ta fara sayar da ƙanƙara. Bara ya kai Goggo Umara. Maiɗakina ba ta taɓa yi mini gori da baki ba, amma duk ranar da ta je sayen ƙanƙarar nan, takan dawo ta ajiye kwanon da ɗan ƙarfi.

To ni ne na fara cewa a majalisa abin nan da walakin... a'a, bari in faɗe shi yadda na faɗa. Cewa na yi, mutumin da bai iya rubuta sunansa daidai ba, wane kamfani ne zai damƙa masa inji? Ko dai gadi yake yi yana ƙara gishiri, ko kuma kuɗin daga wani wuri suke fitowa. Na faɗa da dariya, amma mutane suka ɗauka ba da dariya ba. Maganar ta zaga ta isa kunnensa.

Wata ranar Talata ina daka gero a masussuka ya kira ni.

“Bawana, na ji aikin da kake yi mini a gida.”

Na ce, “Wane aiki kuma, ranka ya daɗe?”

Ya ce, “Ka taso ka zo ka ga gadin da nake yi. Zan turo maka na mota.”

Na ce ya riƙe abinsa, ni ma ina da aljihu. Ba ni da shi. Abin da na yi shi ne na roƙi Modu, wani direba ɗan asalin Barno da aka haifa a Kano, mai kwasar albasa daga wajenmu zuwa kudu, ya ɗora ni a kan kaya. Na wanke shaddata mai ruwan ƙasa, na karyo hulata zanna wadda ba na sa ta sai ranar Sallah. Niyyata in sauka a gaban Tasi'u ya san ba a tsiyace na zo ba.

Mun tashi da hantsi, muka bi ta Bichi muka ratsa Kano muka ɗauki hanyar Zariya. Gaban motar akwai mai kayan da ɗan'uwansa, don haka ni a saman buhuna na zauna. Wanda bai taɓa kwana biyu a kan albasa ba bai san albasa ba. Tun kafin Kaduna idona ya yi ja, shaddar kuwa ta sha warin da har yau in aka jiƙa ta sai ya taso. A Tafa muka ci abinci, Modu ya ce in cika cikina da tuwo don daga nan sai abin da Allah ya yi. Mutum ne mai yawan magana. Da na ce masa wurin ɗan'uwana za ni mai tuƙa katafila a ramin kwal, sai ya ajiye cokali.

“Mai tuƙa ta haƙar? Kai, ka gode wa Allah da dangi. Waɗannan ai su ne sarakunan wurin. Ni da na yi shekara ashirin a kan sitiyari, in na gan su sai in ji kamar baro nake turawa.”

Tuwon nan bai ƙara yi mini daɗi ba.

Washegari muka wuce Abaji muka shiga ƙasar Kogi. Ba wata ƙasa muka shiga ba, amma an tsare mu fiye da yadda ake tsare mai shiga Nijar ta Daura. Kowane ɗan nisa sai ka ga samari sun jawo katako mai ƙusoshi sun gindaya, kowanne da irin takardarsa. A wani shingen ɗaya daga cikinsu ya hango ni a sama ya yi mini tambaya da Turanci. Na gyara murya na amsa masa da Turancin sakandare mai kyau. Ya juya ya ce wa Modu, da Hausa tsantsa, “Wannan malamin naka albasa ce ta bugar da shi?”

A kan babbar gadar Kwara, kafin Lokoja, na miƙe tsaye don in ga ruwan da kyau. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗin wannan ba, Watari ɗinmu a gefensa kamar kwatami. Ina cikin kallo iska ta ɗauke hular. Na gan ta tana juyi a sama, ta sauka a hankali kan ruwa, ta kama hanyar teku. Na buga saman mota ina ihu. Modu ya leƙo ya ce, “Mutum ne ya faɗa?” Na ce hula ce. Ya mai da kansa ciki.

Daga Lokoja muka sake haye kogin, muka bi ta Anyigba. A nan wani kyashin ya kama ni wanda ban taho da shi daga gida ba. Jama'a, ƙasa ce kwance ba mai noma ta. Sai mu yi tafiya mai nisa ba ka ganin komai sai ciyawa ta fi mutum tsawo, da itatuwan kwakwar manja, da kashu. Mu da muke zuwa gaban dagaci a kan an matsa tushen gamba taku ɗaya, mu da ko bayan masai muke shuka kuɓewa. Da muka tsaya na ce wa Modu, “Wannan duk ta waye?” Ya ce tana da masu ita, hutar da ita suke yi. Ƙasa ta huta! Tamu tun kakan kakana ba ta taɓa samun hutun damina ɗaya ba.

Modu ya sauke ni a Ankpa bayan la'asar. Ina tsaye kai ba hula, da jaka a hannu, ƙudaje na bina, sai ga wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya. Tasi'u ya fito da riga mai ɗaukar ido da takalmi mai kan ƙarfe. Ya rungume ni, ya ja da baya, ya toshe hanci.

“Bawana, miya za a yi da kai?”

Masaukinsa ɗaki ne guda a cikin jerin ɗakunan da kamfani ya gina wa masu tuƙa injuna. Akwai fanka, akwai firiji, wuta ba ta ɗaukewa. Ya bar mini katifa shi ya shimfiɗa tabarma. Na duba ko'ina ina neman abin da zan kushe, abin da na samu kawai shi ne labulensa ya yi datti. Na faɗa. Ya ce nan ko yau ka wanke abu, gobe ya koma baƙi.

Ya kai ni wurin wata mata mai abinci, ta kawo sakwara da wata miya mai yauƙi da suke ce wa okoho. In ka ɗebo ta sai ta biyo ka har baki ba ta yanke ba. Na yi ta fama, na ɗaga hannu sama tana bina, matar tana dariya har da riƙe ciki. Tasi'u kuwa ya ɗan murɗa yatsa kawai ta yanke. Har da yarensu yake yi da ita. Mutumin da ya kasa jadawalin biyu.

Abubuwa da yawa na garin sun ba ni mamaki. Mata ne a kan babura, da goyo a baya da jarka a gaba, ba mai kallonsu. Kaburbura kuma a ƙofar gida suke, an shafe su da siminti, yara na zaune a kai suna cin gyaɗa. Da farko abin ya tsaya mini a rai. Amma Musulmi suna da yawa, kiran salla ko'ina, kuma gaisuwarsu ga babba har ƙasa take, ta fi ta yaranmu na yanzu.

Kashegari da safe ya ba ni hular kwano ya ce mu je. Mun yi tafiya kaɗan daga gari, ciyawa kore shar a gefen hanya ta fara komawa toka-toka, sannan baƙa. Sai hanya ta ƙare a bakin wani abu da ban san sunan da zan ba shi ba. Rami ne, amma ƙauyenmu duka da makabarta da filin ƙwallo zai shige ya bar wuri. An yanka gefensa hawa-hawa kamar matakala. Tifofi a can ƙasa sun zama kamar kiyashi.

Tasi'u ya tsaya yana nuna mini da yatsa. Ya ce da farko a share daji, a ture itatuwa. Sannan a kwashe ƙasar sama. A ƙarƙashinta akwai ja, a kwashe. Sai dutse, in ya yi tauri a sa masa nakiya. Can ƙasa sai ka ga wani layi baƙi wuluk yana ƙyalli kamar kwalli, ya ratsa bangon ramin daga wannan gefe zuwa wancan. Shi ake nema. Duk abin da ke samansa shara ce a wurinsu. Ruwa kuma kullum yana tsattsafowa a gindin ramin, don haka akwai manyan injinan ban-ruwa da ba sa hutawa, suna zuƙe shi suna turawa waje ta wani bututu mai kaurin gangar jiki.

Sai ya hau injinsa. Katafila ce mai dogon hannu, cokalinta zai ɗauki sa biyu. Na tsaya a gefe ina addu'a a zuciyata, Allah ya yafe mini, ko sau ɗaya ya yi kuskure. Bai yi ba. Hannun ƙarfen nan yana tafiya kamar nasa ne na jiki. Ya ɗebo, ya juya, ya zuba a tifa a hankali kamar mace na zuba gari a tukunya. Wani shugabansu ya zo wucewa ya ɗaga masa babban yatsa yana kiran “Oga Tasiu”. Direbobin tifa suna rige-rigen shiga layinsa don ya fi kowa sauri. Gilashin gefen injin ya fashe tun tuni, a buɗe yake aiki, ƙura na shiga tana fita, amma a lokacin ban kula da wannan ba. Abin da na gani kawai shi ne duk abin da na faɗa a majalisa ƙarya ne.

Bayan azahar aka mai da shi sabon wurin da ake buɗewa. A nan na ga yana kwasar ƙasar sama. Na sunkuya na damƙi wadda ta zubo. Baƙa ce, mai sanyi, mai laushi, tana cike da tana, ƙamshinta kamar ranar ruwan farko. Irin ƙasar da in da zan samu kwando goma in watsa a gonata, da na huta da neman taki. Ita yake ɗiba yana jibgewa a wani tsibi, tifa ta zo ta juye jan dutse a kai. Na rasa wa nake jin haushi, shi da yake binne ta, ko mutanen da Allah ya ba su ita.

Duk da haka, kafin mu tashi, na lallaɓa wurin shugaban nan na tambaye shi ko akwai aiki. Ya tambaye ni me na iya tuƙawa. Na ce babur. Ya ce in bar lambata.

Ranar Juma'a Tasi'u ya koma aiki bayan masallaci, ni na tsaya. Wani dattijo da muka yi sahu ɗaya ya ji ina waya da Hausa sai ya gaishe ni. Sunansa Baba Adejo. Ya yi aikin masaƙa a Kaduna shekaru da dama, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni. Da ya ji manomi ne ni, sai ya ce, “To zo in nuna maka gonata, manomi shi ya san abin da zai gani.”

Muka bi wata 'yar hanya ta bayan gari. Ganyen rogon da ke gefe duk ya yi baƙi, in ka shafa sai yatsanka ya fito kamar ka taɓa gindin tukunya. Ya nuna mini bangon wani gida da ya tsage daga sama har ƙasa, ya ce ƙarar nakiya ce. Muka wuce wani tsibin baƙin dutse yana hayaƙi shi kaɗai, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na ce wa ya sa wuta? Ya ce ba kowa, da kansa yake kamawa, ko ruwan sama ba ya kashe shi.

Can gaba muka tarar da wata haƙar daban. Samarin garin ne da diga da shebur, sun huda gefen tudu sun yi ƙofofi kamar na gafiya, suna shiga da rarrafe da tocila ɗaure a goshi, suna jawo buhuna. Sun tokare rufin ramin da itacen da suka saro a daji. Baba ya ce tun zamanin Turawa ake irin wannan ta ƙarƙashin ƙasa, kuma tsofaffin ramukan suna nan ba wanda ya san iyakarsu. Wata rana sai ka ga tsakiyar gona ta lotsa. Ya ce kada in taka inda ƙasa ta yi kwari. Daga nan a bayansa na riƙa sa ƙafa.

Sai muka iso rafi. Na ce rafi don shi ya ce rafi ne. Ruwan ja ne kamar an wanke tsatsa, duwatsun ciki duk sun yi ruwan goro. Ba kifi, ba kwaɗo, ko sauro ban gani a kansa ba. Can sama na hango bakin bututun nan yana aman ruwa.

Ya ce, “Ɗanɗana da bakin harshe, kada ka haɗiye.”

Na taɓa. Tsami da bauri, haƙorana suka mutu nan take.

“A nan uwata ta yi mini wankan jego,” in ji shi, sai ya yi dariya ya gyara, “ita ta yi wankan, ni ina goye. A nan muke jiƙa rogo. Yanzu matanmu sai su jira tankar kamfani. Rijiyata kuma tun da ramin ya fi ta zurfi ta ƙafe.”

Na ce, “Baba, ina gonar?”

Ya nuna gaba da sandarsa. Babu komai a wurin sai iska, bakin ramin ne. Ya ce kashu ne da ita, shi ya dasa da hannunsa da ya dawo daga Kaduna. An ba su diyya, bai ɓoye ba, ya ce ya karɓa ya yi wa 'ya'ya hidima, ta ƙare. Kabarin mahaifinsa ma sai da suka tone suka mayar cikin gari.

Muka zauna a kan wani kututture. Ya tambaye ni ruwanmu. Na ba shi labarin Watari, yadda ake sako ruwa a kwalbati da rani, mu yi tumatir da albasa da alkama.

“Kuna sha?”

Na ce muna sha, dabbobi ma suna sha.

“Kuma ƙarƙashin gonarka ba komai? Ba kwal, ba zinare?”

Na ce ba komai sai yashi.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Kai ɗan gata ne.”

Ga inda ban fito da kyau ba. Tsohon nan yana ba ni labarin abin da ya rasa, ni kuma wani ɓangare na zuciyata murna yake yi. Na samu abin da zan kai majalisa. Ina ta tattara su ɗaya bayan ɗaya, jan ruwa, tsagaggen bango, kabari.

Da yamma Tasi'u ya dawo, ya sayo mana gasasshen kifi. Ban bari ya kai loma ta biyu ba.

Na ce, “Na ga rafin da kuka kashe.”

Ya ce, “Ka gani.”

“Tayil ɗin gidan Goggo da ruwan shan mutane aka saye shi.”

Ya ajiye kifin. Ban taɓa ganin ya kalle ni haka ba. Ya ce, “Lurwanu, ka san inda kwal ɗin nan yake zuwa? Kamfanin siminti. Simintin da kake ta burin ka yi wa matarka daɓe da shi, da me kake zaton ake gasa shi? Kana tsammani ban san rafin nan ba? Na zo na same shi ana kama kifi. Kullum ta gefensa nake wucewa. In na sauka daga injin nan yau, gobe da safe wani ya hau.” Ya nuna ni da yatsa. “Ko kai. An ce mini ka bar lamba.”

Na rasa inda zan sa fuskata.

Ya buɗe baki zai ƙara magana sai tari ya sarƙe shi. Na ji yana tari tun ranar da na zo, na ɗauka mura ce. Wannan karon ya daɗe, ya dafa bango ya fita bakin famfo. Na bi shi da buta. Abin da ya tofar baƙi ne kamar tawada, da ɗan zaren jini a ciki. Ya yi sauri ya kora da ruwa.

Na ce, “Tun yaushe?”

“Kowa a nan yana yi.”

“Ka je asibiti?”

“In na je su rubuta takarda, takarda ta kai ofis, a ce in huta. Saura kaɗan, bawana. Damina biyu in sayi tarakta tawa ta kaina in dawo gida.” Ya riƙe hannuna. “Ka faɗa musu duk abin da kake so. Ka ce gadi nake yi. Amma kada Inna ta ji wannan. Ka yi mini alkawari.”

Na yi masa.

Ranar Lahadi ya sa ni a motar fasinja, kujerar gaba, bai saurari gardamata ba. Ya loda mini doya da jarkar manja. Da mota za ta tashi ya miƙo wata leda ta taga. Sai da muka fita gari na buɗe. Hula ce zanna, ta fi wadda kogi ya tafi da ita nesa ba kusa ba. Na riƙe ta a cinya har Kano ban sa ba.

A majalisa na faɗi gaskiya. Na ce injin yana nan, ya fi yadda ake faɗa, kuma duk wurin ba wanda ya kai Tasi'u. Na ce abin da na faɗa a baya ni na ƙirƙira. Wani ya ce ashe tafiya tana gyara mutum, aka yi dariya, na haɗiye. Labarin rafin ma na ba su, amma ban ji daɗinsa yadda na zata zan ji ba.

Kwana uku ina kauce wa gidan Goggo. A na huɗu ta aiko. Na same ta a kan tayil ɗin nan tana gyaran wake. Ta tambayi hanya, ta tambayi abinci, ta sa albarka. Sannan ta ture faifan gefe.

“Lurwanu, ni na goye ka ranar da uwarka ta kwanta ciwo. Muryar yaron nan ta canza a waya. In na tambaya sai ya ce sanyin fanka ne. Kai ka gan shi da idonka. Lafiyarsa ƙalau?”

Da na ce ƙalau, da shi ke nan. Na buɗe baki da niyyar in ce ƙalau. Sai na ji ina ba ta labarin bakin famfo, har da launin abin, har da jinin.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce in miƙo mata waya. A gabana ta ce masa in bai taho cikin satin nan ba, ita za ta hau mota ta je, kuma bai isa ya hana ta ba.

Ya taho. Aka kai shi asibiti a Kano, suka ɗauki hoton ƙirji, suka ce huhunsa ya sha ƙura, ya nisanci wurin in yana son ya ga girman 'ya'yansa. Injinsa an ba wani. Kuɗin taraktar ba su cika ba. Sati uku yana gari bai neme ni ba, in mun haɗu a masallaci sai ya bi ta ɗaya ƙofar.

Shekaranjiya ina dashen albasa a fadama sai na ga inuwa a kaina. Shi ne. Ya ɗan rame. Ya tsuguna a kan kunya, ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin kwalbati.

Ya ce, “Tambaya ɗaya zan yi maka. Tsakaninka da Allah, don ni ka faɗa mata, ko don kai?”

Na tsaya da dashe a hannu, laka na ɗiga. Na nemi amsar a cikina, na neme ta da gaske.

Na ce, “Wallahi, Tasi'u, ban sani ba.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Da ka ce don ni ne, da mun rabu ke nan.”

Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ce layin dashena ya karkace, ya kama hanyar gari yana tafiya a hankali, yana tsayawa yana numfashi. Na bi shi da kallo, tausayinsa ya cika mini ƙirji har idona ya kawo ruwa. A cikin wannan halin ne na lura agogon hannunsa sabo ne, kuma ya yi masa kyau.